Maki 76 amma aka rubuta C: yadda ake auna ɗalibi a darasin Turancin sakandare ta intanet

A unguwannin zango na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase da Sawaba, an fara samun gidajen da ake biya wa yaro kuɗin darasin Turanci ta intanet a makarantar sakandaren Amurka. Wasu yaran takardun tafiya suke jira zuwa wurin iyaye ko 'yan uwa a Bronx ko Columbus, ana so su sauka can da wani abu a hannu. Wasu can aka haife su, aka kawo su gida su yi karatun Alƙur'ani su san dangi, ana kuma gudun kada ajinsu ya wuce su. Akwai kuma makarantun kuɗi da ke sayen irin waɗannan darussa su haɗa da nasu.

Ba a cika jin ƙorafi ba sai sakamako ya fito. Yaro ya samu 76, uban da ya san WASSCE, jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC, yana shirin yi masa barka, sai ya ga harafin C. Yarinyar da duk layinsu aka san ta da Turanci ta tashi da D. Wani kuma an ba shi sifili a aikin da ya kwana yana yi, an ce ba nasa ba ne. Daga nan sai zargi ya tashi: ko malamar ba ta son baƙar fata, ko makarantar 'yan damfara ce, ko yaron ne yake wasa. Kowanne cikin ukun yana iya faruwa. Amma mafi yawan lokuta amsar tana cikin takardar dokokin darasin da rabon makinsa, mai shafi uku ko huɗu, da aka aiko tun makon farko, ba wanda ya zauna ya karanta ta.

## Lamba ɗaya, ma'ana biyu

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma babban ofishinta yake Accra, tana raba sakamakon WASSCE gida tara. A jadawalin da makarantu ke aiki da shi, A1 yana farawa daga 75, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50. Ƙasa da haka sai D7 da E8, sannan F9 ga wanda bai kai 40 ba. Wanda ya samu C6 a Turanci ya tsallake, domin jami'o'in Ghana daga A1 zuwa C6 suke karɓa a neman digiri.

A yawancin sakandarun Amurka gida biyar ne. A daga 90 zuwa 100, B daga 80, C daga 70, D daga 60, duk abin da bai kai 60 ba F ne, wato faɗuwa. Wasu makarantun ma sun ɗaga matakin tsallakewa sama da 60. Ke nan 76 A1 ce a Kumasi, C ce a Florida. Maki 58 kuma, wanda nan C5 ne mai shigar da mutum jami'a, can faɗuwa ce.

Wannan ba ya nufin ma'aunin Amurka ya fi tsauri. Mai duba takardar WAEC yana da rowar maki, samun 75 a hannunsa sai wanda ya isa. Malamin Amurka kuwa yana tsara aikin ne da tunanin cewa ɗalibin da ya bi umarni ya kuma kawo aiki kan lokaci zai samu tamanin da wani abu. Lambobin biyu ba daga wuri ɗaya suke farawa ba, don haka ba a ɗaukar ɗaya a ɗora kan ɗaya.

Harafin kuma ana mayar da shi lamba: A 4, B 3, C 2, D 1, F babu komai. Matsakaicin waɗannan lambobi na duk darussan da ɗalibi ya yi daga aji 9 zuwa aji 12 shi ne GPA, abin da jami'o'in can ke fara dubawa. C ɗin da yaro ya samu yana ɗan shekara 14 tana nan cikin lissafi har ranar da zai nemi jami'a. Darasin Turanci kuma shi ne wanda kusan kowace jiha take buƙatar a yi shi duk shekaru huɗun kafin a ba da takardar kammalawa.

## Inda makin yake taruwa

A Ghana kashi 70 na sakamakon WASSCE daga jarrabawar ƙarshe yake fitowa, kashi 30 daga ayyukan makaranta. Shi ya sa ɗalibinmu ya saba da wani salo: a lallaɓa a aji ɗaya da aji biyu, a aji uku a shiga darasin ƙari, a kwana kan tsofaffin tambayoyi. Da yawa sun ci da wannan salo.

A darasin intanet lissafin a juye yake. Jarrabawar ƙarshe ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar ba, sauran duk daga aikin mako-mako ne. Idan ɗalibi ya shiga dandalin karatun, ko Canvas ne ko Moodle ko wani, akwai shafin maki. Kowane aiki da layinsa: sunan aikin, ranar da wa'adinsa ya cika, ranar da aka tura, makin da aka samu. A gefe ko a ƙasa akwai lamba ɗaya mai hawa da sauka duk lokacin da malama ta duba wani abu. Layin da ba a tura komai ba, da farko ɗan zane ne a wurin maki. Ranar da malama ta mayar da zanen nan sifili, lambar sai ta rufto.

Rabon ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma a ɗauki misali: manyan rubuce-rubuce kashi 40, gajerun gwaje-gwaje 20, tattaunawar aji 15, jarrabawar ƙarshe 25. Yarinyar nan mai Turanci ta samu 90 a rubuce-rubucenta, ta kwashi 36 ke nan. Gwaje-gwajen rabi ta yi, matsakaicinta ya tsaya a 45, ta samu 9. Tattaunawa ba ta taɓa shiga ba don ta ɗauka hira ce. Jarrabawar ƙarshe ta samu 80, wato 20. Jimla 65, harafin D. Ba wanda ya zalunce ta a lissafi, Turancinta kuma bai ragu ba.

Tattaunawar nan ita ce ta fi shammatar ɗalibanmu. Malama takan ajiye tambaya kan labarin da ake karantawa, ta ce kowa ya rubuta ra'ayinsa kafin tsakiyar mako, sannan ya amsa wa abokan aji biyu kafin ƙarshen mako. Wanda ya rubuta "na yarda da kai" ya tafi bai samu komai ba. Ana son ya faɗi dalilin yarda, ko ya kawo abin da abokin bai lura da shi ba.

Dalilin da ya sa makarantun suka dage kan ƙananan ayyuka yana da tarihi. Tun 1906 sakandarun Amurka ke lissafin darasi da ma'aunin gidauniyar Carnegie, wanda ya ɗauki awa 120 na zama gaban malami a matsayin kiredit ɗaya, wato awon da ake ƙirga darasin da ɗalibi ya kammala da shi. A intanet babu benci babu kiran suna. Abin da makaranta za ta nuna wa masu sa mata ido a matsayin shaidar cewa yaro yana zuwa aji shi ne shigarsa dandali da aikin da ya tura. Aikin mako-mako shi ne rajistar ajin.

## Wa'adi da sifili

Nan ne dokar da aka rubuta a Amurka take cin karo da rayuwar Kumasi.

Yawancin ayyuka wa'adinsu ƙarfe 11:59 na dare ne agogon makarantar. Idan makarantar tana gabashin Amurka, a Kumasi ƙarfe 3:59 na dare ke nan daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma 4:59 na asuba, domin su suna sauya agogo sau biyu a shekara, Ghana ba ta sauyawa. A wajen tura aiki wannan ƙarin lokaci ne ga ɗalibinmu. A wajen darasin kai-tsaye ta Zoom kuwa matsala ce: ajin ƙarfe uku na yamma a New York ya faɗo lokacin Isha'i a nan, na California kuma sai goma ko sha ɗaya na dare.

Hukuncin latti da aka fi gani shi ne rage maki 10 kowace rana, bayan wasu kwanaki a rufe ƙofa a sa sifili. Rubutun da ya cancanci 85, idan ya yi lattin kwana uku, ya koma 55, ya faɗi. Manhajar ba ta san an ɗauke wuta a Asawase ba, ba ta san data ta ƙare yaron yana jiran Mma ta dawo daga kasuwar Kejetia ta saya masa ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, Ghana da maƙwabtanta suka yi kwanaki cikin matsalar sadarwa. Wa'adin makarantun ƙetare bai motsa don haka ba sai ga wanda ya nemi uzuri. Jadawalinsu kuma bai san azumi ko Sallah ba.

Sifili ya fi latti ɓarna, kuma lissafinsa ya kamata kowane uba ya gani da idonsa. Yaro ya yi rubutu uku, kowanne 80. Na huɗu bai tura ba. Matsakaicinsa ya sauko daga 80 zuwa 60, bakin faɗuwa. Kafin ya koma 70 kawai sai ya sake yin wasu rubuce-rubuce huɗu, kowanne 80. Aiki ɗaya da aka bari sai ayyuka bakwai masu kyau sun taru kafin su rufe raminsa, kuma ko a haka C ce.

Su kansu Amurkawa ba su daidaita kan wannan ba. Masanin ilimi Douglas Reeves ya yi wani rubutu a 2004 yana cewa sifili ba ya kan ma'auni: tsakanin kowane harafi da na kusa da shi maki 10 ne, amma tsakanin D da sifili maki 60 ne, don haka hukuncin ya ninka laifin sau shida. Joe Feldman, a littafinsa na 2018, ya ƙara da cewa maki ya kamata ya nuna abin da ɗalibi ya iya ne kaɗai. Latti da rashin shiga tattaunawa hali ne, a yi maganinsu daban. A ganinsa hukuncin latti ya fi faɗawa kan yaron da ke aiki bayan makaranta ko yake renon ƙanne. Bisa wannan ra'ayi wasu gundumomi suka sa 50 a matsayin mafi ƙarancin maki, suka ba da damar sake aiki. Da dokar 50, yaron nan mai 80 uku zai tashi da 72.5, ba 60 ba.

Masu adawa, cikinsu har da malamai da yawa da masu bincike na cibiyar Fordham, suna cewa ba yaro rabin maki kan abin da bai yi ba koya masa wayo ne. Ɗalibai kan gane da wuri cewa za su iya barin aiki su tsallake, malami kuma ya tarar da tulin takardu a makon ƙarshe. Suna ƙarawa da cewa cika alkawari kan lokaci yana cikin abin da makaranta take koyarwa, kuma sassaucin yana kumbura maki ba tare da ilimi ya ƙaru ba.

Ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu, kuma darasin intanet yana fito da ita fili. Ga yaron da ke fama da wuta da data, hujjar Reeves ta fi ƙarfi, domin sifilinsa sau da yawa ba lalaci ba ne. Amma a karatun da ba malami a kan yaro, wa'adi shi ne kusan abu ɗaya da ke riƙe shi. Darussan da ake ce wa "yi da saurinka" suna da daɗin ji, sai dai yaro yana iya kai wata na huɗu bai wuce babi na biyu ba. Shi ya sa ko makarantu masu sassauci, kamar Florida Virtual School da aka kafa a 1997, suke ba ɗalibi jadawalin abin da ya kamata ya gama kowane mako. Abin da ya rage wa iyaye shi ne su san wace doka makarantar ɗansu take bi, domin duka biyun suna nan.

## Abin da malamar Turanci take nema a rubutu

A WASSCE ana son insha'i mai kalmomi kimanin 450, ana duba shi kan maki 50: abin da aka faɗa 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, tsabtar rubutu 10. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alama yana cin rabin maki, kuskure 20 sun cinye shi. Ɗalibin da ya taso a wannan tsari ya koyi gudun kuskure, ya koyi ƙa'idar wasiƙa da jawabi da muhawara, ya kuma koyi jefa manyan kalmomi da karin magana don burge mai dubawa.

Darasin Turancin sakandaren Amurka adabi ne da rubutu a haɗe. Ana karanta littafi ko wasan kwaikwayo ko waƙa, sai a ce ɗalibi ya ɗauki matsayi a kai ya kare shi. Malama tana ba da jadawalin ma'auni tun kafin a fara: ga abin da ke kawo cikakken maki a kowane fanni, ga abin da ke kawo rabi. Fannonin da suka fi nauyi su ne jimla ɗaya a farkon rubutu da ke faɗin matsayin marubuci ƙarara, hujjoji da aka ciro daga cikin littafin da lambar shafi, da bayanin yadda kowace hujja ta tabbatar da matsayin. Nahawu yana ciki, amma ba shi ne kan gaba ba.

Idan aikin ya dawo, za a ga sharhin malama a gefen shafi, kowanne manne da jimlar da ya shafa. A sakin layi na farko, inda yaro ya buɗe da bayanin cewa adabi madubin rayuwa ne, ta rubuta: ina matsayinka? A na biyu da na uku, inda ya ba da labarin littafin tsaf daga farko har ƙarshe, ta rubuta: na karanta littafin, gaya mini abin da ka gani a ciki. A wata kalma mai tsawo ta ja layi ta ce: ƙaramar kalma za ta fi. Ba kuskuren nahawu ko ɗaya a takardar, makin kuma 72. Yaron ya ga an ƙware shi, alhali malamar tana ganin ta yi masa alheri.

Yawancin malamai suna karɓar rubutu mataki-mataki: shaci, zubin farko, gyara, zubin ƙarshe, kowanne da makinsa. Wanda ya mayar da zubin farko yadda yake, bai taɓa wuraren da aka nuna masa ba, yana rasa maki ko da rubutun yana da kyau. Akwai kuma ƙa'idar MLA ta tsara shafi da ambaton madogara, da bambancin rubutun Ingila da muke koya a Ghana da na Amurka. Wasu malaman ba su damu ba muddin ɗalibi ya tsaya kan guda, wasu kuma suna ragewa. Tambaya ɗaya a makon farko ta isa ta warware wannan.

Shin jadawalin ma'auni ya kawar da son rai? Bai kawar ba, ya dai rage. Matsalar tsohuwa ce. A 1912 Daniel Starch da Edward Elliott sun raba takardun Turanci guda biyu ga malamai 142 su duba. Takarda ta farko ta samu daga 64 zuwa 98, ta biyu daga 50 zuwa 97. Amfanin jadawalin shi ne ɗalibi yana da abin riƙewa idan zai nemi bayani: ba "ki ƙara mini" zai ce ba, zai ce a fannin hujja an ba ni 12 cikin 20, me ya rage?

## Satar rubutu da na'ura

A nan ba a sassauci. Hukuncin da aka saba gani shi ne sifili a karon farko tare da sanar da iyaye, a karo na biyu ko na uku a cire ɗalibi daga darasin, kuɗin kuma ya tafi. Abin da suke kira sata ya fi faɗin abin da ɗalibinmu ya sani da satar amsa. Kwafo jimla daga intanet ba tare da alamar zance ba sata ce. Sauya kalmomin wani a bar tunaninsa ba a ambace shi ba sata ce. Yaya ko malamin darasin ƙari ya gyara rubutu har ya zama nasa, ita ma haka. Har mutum ya sake miƙa aikinsa na bara ana lissafa shi.

Ɗalibin da aka horar ya haddace bayanin malami ya zuba shi yadda yake a jarrabawa yana iya afkawa cikin wannan da zuciya ɗaya. Amma ƙa'idar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malamin zaure. Ba a kawo hadisi a ce "na ce". Ana faɗin wanda ya ruwaito da littafin da yake ciki. Abin da MLA take nema ke nan, isnadi ga kowace magana da ba taka ba.

Manhajar Turnitin da ire-irenta suna gwada rubutun ɗalibi da abin da ke intanet da tsofaffin takardun ɗalibai, su haska wuraren da suka yi kama. Wannan yana da sauƙin tabbatarwa, tunda ga asalin ga kwafin. Lamarin ya rikice ne bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022. A Afrilu 2023 Turnitin ya ƙara ma'aunin da ke hasashen ko ƙirƙirarriyar basira ce ta yi rubutu. Hasashe ne, ba asalin da za a nuna. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye irin nasa ma'aunin a Yuli 2023 saboda yawan kuskure, jami'ar Vanderbilt kuma ta kashe na Turnitin a watan Agusta na shekarar.

Abin da ya fi shafar ɗan zango shi ne binciken da masana a jami'ar Stanford suka fitar a 2023. Sun gwada irin waɗannan ma'aunai guda bakwai da insha'i 91 da masu koyon Turanci suka rubuta don jarrabawar TOEFL. A matsakaici, fiye da kashi 60 cikin ɗari an ce na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne. Rubutun yaran Amurka 'yan aji 8 kuwa kusan duk an gane na mutum ne. Dalilin shi ne wanda Turanci ba harshen gidansu ba yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da jimloli masu bin ƙa'ida, ma'aunin kuma irin wannan rubutun yake zargi. Yaron da ke Hausa a gida, Twi a kasuwa, Turanci a makaranta yana cikin waɗanda abin zai iya faɗawa.

Malaman ma suna da nasu uzurin. Ɗalibai da yawa suna amfani da na'urar da gaske, kuma malamar da ba ta taɓa ganin yaro ido da ido ba, ba ta da wata hanya mai sauƙi ta sanin hannunsa. Shi ya sa makarantu suka ƙara dogara da gwajin baki. A Florida Virtual School, alal misali, akwai matakan da sai ɗalibi ya yi magana da malami kai-tsaye kan abin da ya karanta kafin ya wuce. Wasu suna buƙatar jarrabawar ƙarshe a gaban kyamara. Kariyar da ta fi ƙarfi ga ɗalibi mai gaskiya ita ce ya yi rubutunsa a wuri irin Google Docs, inda tarihin gyara yake nuna yadda aikin ya girma sa'a bayan sa'a, ya kuma ajiye shacinsa na takarda. Yawancin makarantu suna da matakin ɗaukaka ƙara, kuma irin wannan shaida ake nema.

## Shirun ladabi

Akwai wani abin da malaman ke tsammani wanda ya saɓa da tarbiyyar gida. Suna son ɗalibi da kansa ya rubuto musu idan bai gane ba, ya nemi ƙarin lokaci kafin wa'adi ya cika, ya tambayi dalilin maki. A wurinsu wannan alamar yaro mai himma ce. Yaron da aka koya wa kada ya ja zance da babba yakan yi shiru, malama kuma ta karanta shirun a matsayin rashin damuwa. Hirar da kan biyo baya a gida takan yi kama da haka:

"Me ya hana ki gaya mata an ɗauke wuta?"

"Baba, na ji nauyi ne. Kada ta ce ina kawo uzuri."

Saƙon layi uku da aka tura kwana ɗaya kafin wa'adi yakan samu amsar da saƙon shafi guda bayan wa'adi ba zai samu ba. Haka batun Sallah da goman ƙarshe na azumi: malamai da yawa suna ɗaga wa'adi saboda addini idan an sanar da su da wuri.

Makarantun kuma suna ɗauka akwai babba a gida da ke leƙa shafin maki kowane mako. Yawanci suna ba iyaye nasu mabuɗin shiga. Ba sai mai Turanci ba, tunda ranaku da lambobi ne. Muhimmancin wannan ya fito a binciken cibiyar CREDO ta Stanford na 2015 kan makarantun intanet na Amurka masu cin gashin kansu da kuɗin gwamnati: ɗalibansu sun kasance a baya da kwatankwacin kwana 72 na karatu a fannin karatu da fahimta, da kwana 180 a lissafi, cikin shekara ɗaya, idan aka gwada su da takwarorinsu masu zuwa aji. Binciken kan masu karatun intanet na cikakken lokaci ne, ba mai ɗaukar darasi ɗaya ba, amma ya nuna abin da kan faru idan aka bar yaro shi da allo. Waya kaɗai kuma ba ta wadatar ba. Ana iya karatu da tattaunawa da ita, amma rubutu mai shafi huɗu da ƙa'idar MLA sai da kwamfuta.

## Ina takardar za ta yi aiki

Darasi ɗaya kiredit ɗaya yake bayarwa, ko rabi idan na zango ɗaya ne; ba takardar kammala sakandare ba ce. Ga yaron da zai tafi Amurka, makarantar da zai shiga ita ke da ikon karɓar kiredit ɗin ko ƙin karɓa, kuma abin da ta fi dubawa shi ne ko wata sananniyar hukumar tantancewa, irin Cognia ko WASC ko Middle States, ta amince da makarantar intanet ɗin. Hukumomin suna da jerin sunayen makarantunsu a shafukansu, a can ake dubawa, ba a tambarin da makarantar ta manna a tallarta ba. F ɗin da aka samu kuma tana iya bin yaro cikin takardar sakamakonsa zuwa sabuwar makarantar, don haka yana da kyau a san ranar ƙarshe da za a iya janyewa daga darasi ba tare da an rubuta komai ba.

Ga wanda zai nemi jami'o'in Ghana irin su KNUST ta Kumasi ko Legon ta Accra, lissafin daban ne. Takardun ƙetare GTEC, hukumar kula da manyan makarantun Ghana, ake kai wa ta faɗi daidai da me suke, kowace jami'a kuma tana da nata sharaɗin kan takardar aji 12 ta Amurka. SAT, jarrabawar neman jami'a a Amurka, ko TOEFL su kaɗai ba sa shigar da mutum jami'a a Ghana. A ɗin da yaro ya samu a darasin Turanci ɗaya ta intanet ba ta goge D7 da ke kan takardarsa ta WASSCE. Mai wannan matsalar hanyarsa ita ce ya sake zama jarrabawar WASSCE ta masu zaman kansu, wadda aka fi sani da Nov/Dec, kuma can da ma'aunin WAEC za a duba shi: taƙaita rubutu, fahimta, gwajin sauraro, da rabin maki kan kowane kuskure.